Gyaran Gandun Daji: Wa Za a Fara Yi wa Tanadi, Baƙo ko Dajin?

Malamin Labarin Ƙasa, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata magana a gaban 'yan uwa, kuma na san ba kowa zai yarda da ita ba. A ganina, duk kuɗin da aka kashe wajen gyara wuraren baƙi a gandun daji na ƙasa, wato makewayi da ruwan sha da rumfar hutawa da wurin salla da hanyar mota, kuɗi ne da aka kashe wajen kare dajin kansa. Dalilina shi ne daji ba ya tsira sai yana da masu kishinsa, mutum kuwa ba ya kishin abin da bai taɓa gani ba. Na daɗe ina koya wa yara cewa tsaunin Chappal Waddi da ke gandun Gashaka-Gumti shi ne mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, suna haddacewa suna cin jarrabawa, amma babu ɗaya daga cikinsu da ransa zai sosu idan aka ce masa an sare kurmin da ke wannan gandu. A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da fadamun Haɗeja a Jigawa. Idan aka tsaya ga suna a takarda, ba a tanadi inda baƙo zai sauka ba, to an yi ba a yi ba.

Tsohon Malamin Daji, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Malam, maganarka da daɗin ji, sai dai ka fara gini daga rufi. Na tsufa a aikin daji, kuma abu ɗaya da aikin ya koya mini shi ne hanya ba ta tambayar wanda ya hau ta. Wadda aka share domin motar ɗalibai da rana, ita ce babbar motar gawayi za ta bi da dare. Akwai wani daji da na yi aiki a cikinsa, wanda kafin a buɗe masa hanya sai mutum ya yi yini guda a ƙafa zai kai tsakiyarsa. Damina biyu bayan an shigar da motar share hanya, na koma na tarar da kututturan kirya a jere, sararsu ɗanya, ga tudun gawayi an rufe shi da ƙasa yana hayaƙi a hankali, ga sawun taya ya nutse a laka saboda nauyin kaya. Ba baƙo ko ɗaya na gani a wurin ba.

Ka kuma tuna abin da ya sami madobiya a Taraba da maƙwabtanta, icen da 'yan katako ke kira Madrid, wanda aka riƙa lodinsa ana kai wa Sin. Ɓarnar ta kai ga a 2016 aka sanya shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ke sa wa cinikinsu ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya. Duk gungumen da ya fita, hanya ya bi. Saboda haka ni a wurina, naira ta farko ta mai gadin daji ce: albashinsa a kan lokaci, takalminsa, babur ɗinsa, na'urar magana. Makewayin baƙo ya biyo baya.

Shugabar Makarantar 'Yan Mata, Arkilla:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa abin da idonka ya gani ba. Amma da ka ce makewayi ya biyo baya, na gane cewa ba ka taɓa ɗaukar 'yan mata arba'in zuwa daji ba. Ni na taɓa, zuwa wani gandu da ba zan ambaci sunansa ba. Makewayi biyu ne a bakin ƙofar, ɗaya an kulle an ce mai mabuɗin ya tafi gari, ɗayan kuma ba shi da ƙyaure, an jingina masa guntun kwanon rufi, babu ko ɗigon ruwa a randa. Da yaran suka ga haka sai suka daina shan ruwa, a watan Maris, don kada fitsari ya matsa musu. Kafin la'asar biyu sun galabaita, muka kwantar da su a inuwar mota muna yi musu fifita da littattafansu. Alwala kuwa da ruwan leda muka yi ta, kowace yarinya rabin leda. Da muka dawo Sakkwato babu wadda ta ba iyayenta labarin gwanki ko dorina, labarin makewayi suka bayar, kuma shekarar da ta biyo baya iyaye suka ƙi sa hannu a takardar tafiya.

Namiji yana iya zagayawa bayan kuka ya biya buƙatarsa, shi ya sa maza masu tsara waɗannan wurare suke ɗaukar makewayi a matsayin ƙawa. Wurin da mace ba za ta iya yini a cikinsa da mutuncinta ba, an rufe shi ga rabin al'umma ko da ƙofarsa a buɗe take.

Tsohon Malamin Daji, Gawon Nama:
Hajiya, wannan kam kin yi gaskiya, kuma na janye abin da na faɗa game da makewayi. A kan hanya dai ina nan kan bakana.

Ɗalibin Injiniya, Runjin Sambo:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Ina ganin kalmar gyara ce ta haɗa abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba ne. Abin da Hajiya ke nema duk a bakin ƙofa yake, ba ya buƙatar a sare ice ko ɗaya: makewayin mata daban da na maza, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana maimakon janareta da ƙararsa ke korar dabbobi, wurin alwala, da rumfa. Sharaɗinsa a nisanta ramin makewayi da rijiya ko rafi da aƙalla mita 30, kuma a haƙa shi a gangare, ba a tudun da ke saman ruwan ba. Abin da Baba ke tsoro kuwa shi ne hanyar mota mai ratsa zuciyar daji. Ana iya yin na farko a bar na biyu.

A gandun Kakum na ƙasar Gana, tun 1995 aka ɗaura gadar igiya a saman manyan itatuwa, baƙo yana tafiya a kanta yana kallon kurmin daga bisa, motarsa tana can wurin ajiye motoci. Ba na cewa a kwaikwayi gadar a dajinmu na Arewa, domin itatuwanmu ba su kai wannan tsayi ba, kuma a fili ake ganin namun dajinmu. Hikimar nake nufi: a tsayar da mota a waje, a shigar da mutum da ƙafarsa ta siririyar hanya bayan ɗan jagora. Hanyar da faɗinta bai wuce na mutum biyu ba, motar gawayi ba ta da abin yi da ita. Akwai kuma batun shara, wanda ba a cika kawowa ba. Duk wanda ya san sansanin Wikki a Yankari ya san yadda gwaggon biri da mugun dawa suka saba da mutane har suna yawo a tsakanin ɗakuna. Dabbar da ta koyi cin ragowar abincin baƙo ta daina tsoronsa, don haka kwandon shara mai murfin da biri ba zai iya buɗewa ba yana cikin kayan gyara na farko, ko da yake ba a yanka masa kirtani ranar buɗewa.

Malamin Labarin Ƙasa, Mabera:
Tun da an ambaci Yankari, ita ce hujjata. An buɗe ta ga jama'a a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, aka mayar da ita hannun jihar Bauchi a 2006. Me ya sa duk Bahaushe ya san sunanta, alhali Gashaka-Gumti ta fi ta girma nesa ba kusa ba? Saboda akwai ɗakin kwana, akwai maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumin digiri 31 da aka gyara bakinta, mutum yana iya zuwa da iyalinsa. Kuma har yau da sauran giwaye a Yankari.

Tsohon Malamin Daji, Gawon Nama:
Malam, giwayen Yankari ba ɗakin kwana ya tsare su ba, masu gadin da ke sintiri da ƙafa cikin ƙaya ne, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun mafarauta. Ka juya hujjarka ka duba Kamuku da ke Birnin Gwari, wadda ta zama gandun ƙasa a 1999. Ko an gina masauki na alfarma a can, wane uba ne zai tura ɗansa a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin? Mu nan ba sai an ba mu labari ba, mun san yadda dajin Gundumi na jiharmu ta Sakkwato ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A Nijar ma, a Kure inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, harin watan Agusta na 2020 ya hallaka mutum takwas, shida Faransawa biyu 'yan ƙasa, kuma rana ɗaya ta isa ta tsinke zuwan baƙin waje. Baƙo tsaro yake fara tambaya kafin ya tambayi katifa.

Alhaji Mai Fataucin Shanu, Kara:
Na saurari kowa, amma akwai wanda ba a ambata ba, shi ne mutumin da gidansa ke bakin dajin. Ni da makiyaya nake hulɗa, kuma na san yadda suke kallon gandu: wuri ne da kakanninsu suka yi kiwo, yau an ce in saniya ta shiga a biya tara. To ku ɗauka an haƙa burtsatsen da ɗanmu injiniya ya faɗa, famfo yana zuba domin baƙon da zai yi awa uku ya tafi, alhali matan ƙauyen da ke bayan waya suna tashi da asuba su yi tafiya mai nisa neman ruwan gulbi. Me kuke zaton zai faru? Wata rana za a wayi gari an kwance farantin sola, kuma babu wanda zai ce ya ga wani abu. Idan mai sarar ice ya zo da dare, mutanen ƙauyen nan ne kawai suke jin ƙarar injinsa, kuma ba za su kai rahoto ba sai suna da abin da za su rasa.

Na ji yadda Ruwanda take yi da gandun gorilarta, inda baƙon waje ke biyan dala 1,500 don ya gan su, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun ƙasar ana ware shi ga al'ummomin da ke kewaye, a yi musu aji da asibiti da ruwa. Mu ba mu da baƙon da zai biya wannan kuɗi, amma muna iya jan bututu ɗaya daga tankin zuwa ƙauye, mu kuma ɗauki 'yan jagora da masu shara da masu sayar da fura daga cikinsu.

Shugabar Makarantar 'Yan Mata, Arkilla:
Alhaji ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Makewayin da na ba ku labari ba rashin gini ya kashe shi ba, an gina shi, har da fale-falen bango. Wanda zai zuba ruwa a randa ya gyara ƙyaure ne babu. Idan matar ƙauyen ce aka ba aikin, ana biyan ta daga abin da baƙi suka bayar a ƙofa, da ba za a ce mai mabuɗi ya tafi gari ba.

Ɗalibin Injiniya, Runjin Sambo:
Nan ne gizo yake saƙar, Hajiya. Tun 2015 kuɗin da hukumomin tarayya ke karɓa yana shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati, don haka abin da baƙo ya biya a ƙofa ba ya nan a aljihun tebur da za a ɗauka a sayi bawul ɗin famfo gobe da safe. Tsarin yana da amfaninsa wajen toshe ɓaraka, amma famfo ba ya jiran kasafin kuɗi. Shi ya sa nake ganin kada a amince da kowane zanen gini sai an rubuta a jikinsa wanda zai kula da shi, da abin da za a biya shi, da inda kuɗin zai fito na shekaru biyar. Kuma a zaɓi kayan da mai gyaran famfo na garin da ke kusa ya san su, ba wanda sai an aiko da kayan gyaransa daga Legas ba.

Malamin Labarin Ƙasa, Mabera:
Na rage wa maganata tsawo. Ban ƙara cewa duk kuɗin da aka kashe wa baƙo kariya ce ga daji ba, domin Baba ya nuna mini wanda ke zama makami a hannun mai gatari. Amma ban sauka daga kan cewa gandun da yaranmu ba za su iya zuwa ba, ba zai sami mai kare shi a majalisa ba nan da shekara ashirin. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini: tsofaffi da guragu da mai ciki, waɗanda ba za su iya bin hanyar ƙafa ta injiniya ba, a bakin ƙofa za a bar su?

Tsohon Malamin Daji, Gawon Nama:
Ba za a bar su ba. A yi hanya ɗaya tak, gajera, mai zagayowa ta dawo inda ta fara, kada ta ɓulle ta wani gefen dajin. Ƙofarta ɗaya, da sarƙa da kwaɗo, kuma motar gandu ce kaɗai za ta hau ta, da mai gadi a ciki. Kada a zuba mata kwalta, a bar ta da tsakuwa, damina ta rufe ta wata uku dabbobi su huta. Idan an yarda da wannan na sa hannu. Amma ranar da na ji an ce za a ƙara mata reshe domin a rage wa baƙi nisa, Malam, zan dawo nan in tayar da maganar daga farko.