Magoya bayan Pirates: me kuka gani da idonku, kuma laifin na wa ne?

Baban Sadiq, Pittsburgh

Assalamu alaikum jama'a. Paul Skenes ya lashe kyautar Cy Young ta 2025, wato shi ne gwarzon masu jifa a ɓangaren National League na babbar gasar besbol ta Amurka, kuma duk masu zaɓen shi suka sa a gaba. Amma ƙungiyarsa, Pittsburgh Pirates, ta gama kaka da nasara 71 da shan kashi 91, ita ce kurar baya a rukuninta. Rabon da mu shiga wasannin neman kofi tun 2015, kofin kansa kuwa tun 1979.

Na san akwai 'yan uwa da dama da zaman Amurka ya sa suka kamu da besbol, wasu ta wajen aiki, wasu ta dalilin 'ya'ya. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da kansa. Matsalar daga riƙe matasa ne a ƙasa a ƙi fito da su, ko daga sayar da manya ne da zarar sun fara tsada?

Ni dai a gidana ƙarshen watan Yulin 2025 ne ya fi zafi. An ba Cincinnati Ke'Bryan Hayes, washegari aka ba Yankees David Bednar. Bednar ɗan gari ne, a Mars ya tashi, arewa da birnin nan kaɗan, kuma rigarsa ce a jikin Sadiq duk ranar da za mu fili. Yaron bai yi kuka ba, tambayata kawai ya yi ko Skenes ma tafiya zai yi. Na ce masa ba bana ba. Abin da na iya faɗa masa ke nan ba tare da na yi masa ƙarya ba.

Malam Ɗanjuma, Indianapolis

Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Mu nan garin mu ake kawo wa yaran kafin su iso gare ku, domin babbar ƙungiyar reno ta Pirates a nan take wasa, a filin Victory Field. Na ga Skenes a farkon kakar 2024. Wallahi ko wanda bai san wasan ba ya san yaron ya fi ƙarfin wurin. Yana jefa ƙwallo da gudun mil 100 a sa'a, kusan kilomita 160, masu bugu suna kaɗa sanda a iska suna komawa benci. Wasa 7 ya fara a nan, kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa bai kai 1 ba a kowane zagaye 9, wato tsawon cikakken wasa. Duk da haka sai 11 ga Mayu aka kira shi sama.

Ga abin da ya sa mutane ke zargi. A besbol ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so sai ya cika shekara 6 a babbar gasa, kuma sai ya yi kwana 172 a jerin 'yan wasa ake lissafa masa shekara guda. To idan aka jinkirta shi 'yan makonni a farkon kaka, shekarar ba ta cika ba, ƙungiya ta sami ƙarin shekara a kansa. Hukumar Pirates ta ce ba haka ba ne, lallaɓa hannunsa take yi don ya saba da yawan jifa a hankali. Allah masani. Amma yarjejeniyar 2022 tsakanin ƙungiyoyi da 'yan wasa ta ce wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, a ba shi cikakkiyar shekara. Skenes ya zo na ɗaya. Sai aka yi biyu babu: shekarar ba a samu ba, kuma ƙarin gurbin zaɓen matasa da ake ba ƙungiyar da ta fara kaka da irin wannan yaro, shi ma ya wuce.

A 2025 kuma Bubba Chandler muka yi ta kallo, shi ma mai jifa ne. A watan Afrilu da Mayu babu mai taɓa shi. Muna zaune muna cewa gobe za a kira shi, jibi za a kira shi. Da zafi ya shigo sai jifarsa ta fara kauce wa hanya, yana ta ba masu bugu tafiya kyauta zuwa zangon farko. Sai 22 ga Agusta aka ɗauke shi. Ni a ganina zaman jiran ne ya dagula shi, na ga yadda yake saukowa daga tudun jifa kai a sunkuye.

Koci Habu, Monroeville

Malam Ɗanjuma, da girmamawa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ina taimakawa wajen horar da yara 'yan shekara 11 da 12 a unguwarmu, kuma abin da na koya shi ne yaron da aka tura gaba kafin ya nuna, tsoro yake koya, ba wasa ba. Ku tuna Henry Davis. Shi aka zaɓa na farko a duk ƙasar a 2021, mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu. A Yunin 2023 aka ɗago shi saboda ana neman mai bugu ido rufe, aka ajiye shi a can gefen dama na fili, wurin da ba nasa ba. Ina filin a ɗaya daga cikin wasannin nan, na ga yana bin ƙwallo yana waige-waige. Daga nan aka yi ta kai shi ana dawo da shi. Yanzu ya iya cafe sosai, Skenes ma da shi ya fi yin jifa, amma bugun da aka zaɓe shi dominsa har yau bai dawo ba. Ba kowane jinkiri ne mugunta ba. Abin da nake tuhumar hukumar da shi, ba ta da tsari ɗaya: wannan a yi masa gaggawa, wancan a bar shi ya gaji da jira.

Maman Walida

Ni ta dalilin Gift Ngoepe na fara kallo. Ɗan Afirka ta Kudu ne, shi ne haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasar, a Afrilun 2017. Ina aikin dare a lokacin, abokan aikina suka kira ni gaban talabijin suna cewa ga ɗan'uwanki nan. Bugunsa na farko ya samu, a kan Jon Lester na Cubs. Tun 2008 yake hannun Pirates yana jira a ƙananan ƙungiyoyi. Kafin shekarar ta ƙare an tura shi Toronto. Ban ce gwani ne na a zo a gani a bugu ba, amma tun daga ranar na daina sayen riga mai suna a baya.

Alhaji na Zangon Kumasi

'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na daɗe ina tuƙin tasi a garin nan, na ga wani ɓangare na shekaru 20 da aka jera ana shan kashi fiye da nasara, daga 1993 zuwa 2012. Kuma ina kan titi daren 1 ga Oktoban 2013, da aka kara da Cincinnati. Duk gari baƙaƙen kaya. Na sauke fasinjoji a bakin gadar Clemente na kasa fita saboda cunkoso, sai na kashe mota na kunna rediyo. Daga inda nake ina jin filin PNC Park yana rera sunan Cueto, mai jifan Cincinnati, har ƙwallo ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa. Jifa ta gaba Russell Martin na Pirates ya buga ta ta fita waje, muka ci maki. Wanda ya ji wannan daren ba zai yarda a ce masa garin nan ba ya son besbol ba.

A 2015 an ci wasa 98. Maimakon a ƙara ƙarfi sai aka fara tsuke hannu. A Janairun 2018, cikin kwana biyu, aka ba Houston Gerrit Cole, aka ba San Francisco Andrew McCutchen. Duk wanda na ɗauka a makon nan maganar ke nan a bakinsa, wata tsohuwa har hawaye ta yi a kujerar baya saboda McCutchen.

Amma ku yi adalci. A musayar McCutchen ne aka samo Bryan Reynolds, wanda ya zama ginshiƙin ƙungiyar har aka ba shi kwantiragin shekara 8 na sama da dala miliyan 100 a 2023. Cinikin da ya karya mu shi ne na ƙarshen Yulin 2018, kuma a nan ba manya aka sayar ba, yara aka bayar. An kwashi Tyler Glasnow da Austin Meadows da Shane Baz aka miƙa wa Tampa Bay saboda Chris Archer. Na rantse muku ranar murna aka yi a gari, ana cewa yau dai hukuma ta nuna tana son nasara. Shekara na zagayowa Meadows ya fitar da ƙwallo 33 waje, Archer kuwa bai yi abin kirki a nan ba, ciwo ya hana shi wasa a 2020, ya koma inda ya fito. Shi ya sa idan na ji matasa suna cewa a ba da yara biyu-uku a samo mai bugu, gabana yake faɗuwa.

Ɗan Maraɗi, ɗalibi

Barka da warhaka iyayena da yayyena. Ni baƙo ne, bara na zo karatu. Abokan ɗakina suka kai ni fili, tun kafin a je ko'ina na ji jama'a suna ihu mai ƙungiya ya sayar da ita. Abin da ban gane ba, a ƙwallon ƙafa wanda ya zo na ƙarshe faɗawa yake ƙaramin rukuni. A nan me ake yi masa?

Malam Ɗanjuma, Indianapolis

Ƙanena, babu abin da ake yi masa. Ƙungiyoyi 30 ne, babu mai faɗawa. Waɗanda suka fi shan kashi ma su ke da babban rabo a ƙuri'ar zaɓen matasa. Pirates ta sha kashi 101 a 2021, ta sha 100 a 2022, ƙuri'a ta faɗo mata, ta haka ta ɗauki Skenes a 2023 daga jami'ar LSU. Sannan ƙungiyoyin ƙananan birane suna karɓar kaso daga kuɗin da manyan ke samu. Wanda kake ji ana yi wa ihu shi ne Bob Nutting, mai ƙungiyar, domin mutane suna ganin kuɗin na shigowa amma ba sa ganinsu a fili.

Yaya Bilki, Pittsburgh

A nan nake so a tsaya, don ina ganin gardamar jinkiri da gaggawa tana ɗauke mana hankali. Ni da maigidana mun kalli wasan 18 ga Mayun 2025 a talabijin a gida, wanda aka yi a Philadelphia. Skenes shi kaɗai ya yi jifa daga farko har ƙarshe, maki 1 tak aka ci a kansa, aka tashi 1 da 0, mu ne a ƙasa. Maigidana ya kashe talabijin bai ce uffan ba. Mutum ya gama kaka ana cin ƙasa da maki 2 a kansa a zagaye 9, amma nasararsa 10, shan kashinsa 10. Babu ƙungiyar da ta kai mu ƙarancin maki a 2025. An kori koci Derek Shelton a watan Mayu bayan nasara 12 a wasa 38, aka ɗora Don Kelly, amma koci ba shi ke riƙe sanda ba.

Alhaji, na ji tsoronka a kan ba da yara, kuma gaskiyarka. To ai akwai hanyar da ba ta cin yaro ko ɗaya: a sa hannu a aljihu a ɗauko 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. Mafi tsadar wanda Pirates ta taɓa ɗauka ta wannan hanya shi ne Francisco Liriano, dala miliyan 39 a shekara 3, tun ƙarshen 2014. Yankees kuwa miliyan 324 ta ba Cole, wanda mu muka rene shi. Ba na cewa mu yi gasa da New York. Ina cewa albashin Skenes na asali a 2025 bai kai miliyan 1 ba, kuma ba za a sake samun gwani irinsa da araha haka ba. Bayan kakar 2029 yana da 'yancin tafiya. Ben Cherington yana kan kujerar manaja tun ƙarshen 2019 yana ce mana a jira yara su girma. Yaro ya girma, ga shi nan a gabanmu.

Koci Habu, Monroeville

Yaya Bilki, a wannan kam muna tare. Na kai yaranmu Altoona, inda wata ƙungiyar reno ta Pirates take, a ƙarshen Agustan 2025 don su ga Konnor Griffin, wanda aka zaɓa na 9 a 2024. Shekararsa 19 a lokacin, dogo, ga gudu ga ƙarfin bugu, kuma ya tsaya ya sa wa yaran hannu a huluna. Abin da nake tsoro shi ne a ƙi sayen masu bugu a hunturun nan, sannan a ɗora wa yaro ɗan shekara 19 nauyin ceto ƙungiya duka. Idan ya isa a fara kaka da shi, a fara da shi, kada a yi lissafin kwanaki. Amma a kawo manya biyu ko uku da za su tsaya a gabansa da bayansa a jerin masu bugu.

Alhaji na Zangon Kumasi

Haka ne Habu. Ni dai sharaɗina ɗaya, kada a taɓa Griffin da Chandler a kowane ciniki. Bilki, ki gai da maigida, ki ce masa idan an kawo mai bugu na kirki kafin a tafi atisayen share fage a garin Bradenton a Fabrairu, ni zan kai ku fili ranar buɗe kaka.