Abin da masu gyara suka ce game da sarƙa da firiwil na tsohon keke

Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa a fara da awon sarƙa. A ɗora rula a tsakiyar ɗaya daga cikin ƙusoshin da suka haɗa sarƙar, a ƙirga ƙusa 24 a gaba: sabuwa inci 12 take cif. Idan ta ƙaru da 1/16 na inci, a sauya ta kawai. In ta kai 1/8, ta riga ta cinye haƙoran firiwil (faifai mai haƙora da sarƙa ke juyawa a tayar baya), sun yi tsini sun lanƙwashe, don haka a sauya su tare. In ba haka ba, sabuwar sarƙar za ta riƙa tsallake haƙora da zarar an taka da ƙarfi a hawa.

Keke maras giya sarƙa mai faɗin 1/8 na inci yake ɗauka, mai giya yawanci 3/32. Kada a ɗaure ta tamau, a bar mata wasan rabin inci.

Girgiɗin ƙarfen feda a keken Raleigh ko Phoenix yawanci kota ce ta ci, wato ƙusar da ke riƙe ƙarfen fedar. A sa sabuwa, a buga ta da guduma kafin a ɗaure noti. Fedar hagu kuwa baibai ake kwance ta.

A kan mai aka rabu. Wasu na zuba baƙin mai don arha, amma ƙura yake kamawa ya ci sarƙa. Gara a wanke da kananzir, a ɗiga mai mai tsabta kaɗan, a goge.