Wace kalma za mu sa wa "nature" a nazarin waƙa?

Jama'a, a agaza mini. Ina haɗa darasi kan tsoffin waƙoƙin Ingilishi. Jigo muna da shi, alamtarwa ma (wato amfani da abu a matsayin alamar wani abu) malamanmu sun daɗe da raɗa mata suna. "Nature" ce ta tsaya mini a wuya.

Ga inda take fitowa. A watan Afrilun 1802 mawaƙi Wordsworth da ƙanwarsa Dorothy suna yawo a bakin tafkin Ullswater a Ingila, suka tarar da furanni masu ruwan ɗorawa iska tana kaɗa su. Waƙar da ya yi a kansu ta fito 1807, furannin suka zama alamar farin cikin da ke dawo wa mutum idan ya kaɗaita. Mawaƙi Keats kuma a 1819 ya ɗauki tsuntsu mai kukan dare ya ce masa ba a haife shi don mutuwa ba, alhali tarin fuka bai daɗe da ɗauke ƙaninsa Tom ba. Tafki, fure, tsuntsu, wace kalma za ta haɗa su?

Wani malam ya ce ɗabi'a, kamar a Larabci. Allah ya ƙara sani, Malam, amma ka ce wa Bahaushe "waƙar ɗabi'a", wa'azin gyaran hali zai zauna jira.

An kawo yanayi. Ya dace da waƙar Keats ta lokacin kaka, sai dai akwai waƙar mawaƙi Blake a kan damisa, damisa kuwa ba yanayi ba ce. Muhalli kuwa ƙanshin taron dashen itatuwa yake yi.

Wata hajiya ce ta ce halitta, na kuwa koma kan damisar Blake ta 1794 (tasa mai zane ce, ba mai roɗi-roɗi irin tamu ba). Waƙar kusan duk tambayoyi ce: wane hannu ya ƙera wannan abin tsoro? Wanda ya yi ɗan rago, shi ne ya yi ki? Maganar halitta ce tsantsa, da Mahalicci a bayanta. Hajiya, kin kashe bakina.

Na ji masu cewa ai mutum ma halitta ne. Haka ne, amma in aka ce "je ka kalli halittun Allah", ba wanda ke nufar kasuwa.

Na tsaya a kan "waƙoƙin halitta" da "alamtarwa da halittu". Furen Wordsworth dai daffodil zan rubuta a allo, in nuna musu hotonsa.