Hajiya ta zo, yara za su yi hutu: ina zan kai su a Northumberland?

Maman Ihsan

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shekarata biyu ke nan a Newcastle, amma in ka cire wurin aiki da kasuwar Grainger da masallaci, ban san ko'ina ba. Yanzu mahaifiyata ta zo daga Zariya za ta yi mana wata biyu, makarantu kuma za su rufe ƙarshen Yuli. Tun da ta sauka tana bakin taga tana ƙirga motoci. Jiya ta dube ni ta ce, "Wato Turan taku ɗaki ce da kicin?" Maganar nan ta tsaya min a rai.

Abokan aikina kullum sai su ce ki shiga Northumberland, gundumar da ke arewa da Newcastle, ƙauye ne mai kyau, ga teku ga tsofaffin fadoji. To ina ne takamaimai? Yarana uku: Ihsan shekara 10, Abba 6, auta 3, ita har yanzu sai da keken turawa. Hajiya na fama da gwiwa, ba ta hawan tudu. Mota sai Asabar, ranar da maigida ba ya aiki. Muna son mu fita da safe mu kwana a gida, kuma aljihun ba nauyi gare shi ba. Waɗanda suka riga mu zuwa, a taimaka da shawara.

Baffan Gateshead

Wa alaikumus salam 'yata. A gaishe min da Hajiya, a yi mata sannu da hanya.

Shekara goma sha ina jan tasi a yankin nan, don haka ki ji ta bakina: rana ɗaya, wuri ɗaya. A taswira za ki ga komai kusa da kusa, amma da kin bar babban titin A1 hanyoyin ƙauye ne masu lanƙwasa, tarakta ɗaya ta shiga gabanku sai ku yi ta bin ta kamar masu rakiyar amarya.

Ki fara da Bamburgh. Kamar mil 50 ne daga nan, awa ɗaya da 'yan mintuna. Fadar na bisa dutse, ƙarƙashinta rairayin bakin teku iya ganinki, kuma rairayin ba a biyan ko kwabo sai kuɗin ajiye mota. Ba dole ku shiga fadar ba, daga waje ma ta ishi ido. A shimfiɗa wa Hajiya darduma a bayan tudun yashi inda iska ba ta dukanta, a ba ta filas ɗin shayi, yara su yi ta haƙa rami. A cikin garin akwai ɗan gidan tarihi na Grace Darling, 'yar mai gadin hasumiyar fitilar teku, wadda a 1838 ita da mahaifinta suka tuƙa kwale-kwale cikin guguwa suka ceto mutanen jirgin da ya fashe a kan duwatsu. Kwale-kwalen yana nan a ajiye. Ihsan za ta so labarin.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne Holy Island, wanda suke kira Lindisfarne. Hanyar shiga kwalta ce a kan yashi, kuma sau biyu a kowace rana teku ke cikowa ta shanye ta. Hukumar gundumar na wallafa lokutan da ake iya wucewa, an kuma kafa allon a bakin hanyar. Ni da kaina na taɓa cewa ai minti goma ba wani abu ba ne, na tsaya sayen tsaraba. Da muka fito ruwa ya fara lasar kwalta, uwargida ta kama salati, na juya muka koma. Awa biyar muka yi a tsibirin da yara masu jin yunwa. Akwai wani ɗan ɗaki bisa dogayen ƙafafu a tsakiyar hanyar da aka yi domin masu taurin kai irina, su hau su bar motar ga ruwa. Ki duba lokacin fita tun kafin ki duba na shiga.

Anti Bilki

Baffa ya gama magana kan teku. Ni dai saboda gwiwar Hajiya zan ce Cragside, kusa da Rothbury. Gidan Lord Armstrong ne, attajirin nan mai masana'antun makamai da jiragen ruwa a bakin kogin Tyne, kuma shi ne gida na farko a duniya da aka haska da lantarkin ƙarfin ruwa. A 1880 aka saka masa ƙwayayen fitilar Joseph Swan. Da na faɗa wa surukata haka sai ta ce, "Tun zamanin kakan kakana, mu kuma har yau muna ihun an kawo wuta." Daɗin wurin shi ne akwai hanyar mota ta mil 6 da ta zagaye dajin da tafkunan, kuna tafe kuna tsayawa inda kuka ga dama, Hajiya ba sai ta taka ba. A can sama akwai filin wasan yara. Cikin gidan ne ke da matakala, sai ta tsaya a ƙasa ta ga kicin ɗinsu na da, ta ga yadda ruwa ke juya ƙarfen gashin nama.

Ranar da ba mota kuma, Alnwick. Kada ki karanta shi yadda aka rubuta, "Anik" ake cewa, in ba haka ba direba zai tsaya yana kallonki. Bas X15 da X18 na tashi daga tashar Haymarket a Newcastle. Ki hau X15, ɗayar bakin teku take bi, tana daɗewa. Ki sani tikitin fadar daban, na lambun daban, kuma duka biyun a rana ɗaya ga mutum biyar kuɗi ne. Fadar tana hannun zuriyar Percy tun 1309, a nan aka ɗauki wasu sassan finafinan Harry Potter biyu na farko, shi ya sa Ihsan za ta nace. Amma da auta da Hajiya ni lambun zan zaɓa. Akwai maɓuɓɓugan ruwa da yara ke shiga su jiƙe sharkaf, don haka ki riƙe kayan canji. Akwai kuma wani sashe mai baƙar ƙofa da kwaɗo inda suka tara tsirrai masu guba, sai da ɗan rakiya ake shiga. Ina shiga me zan gani? Zurma! Wadda ke fitowa a bayan gidanmu kan juji ba mai kulawa, ga ta nan Turawa sun kewaye ta ana yi musu bayani cikin raɗa.

In ruwan sama ya kore ku, ku faɗa Barter Books, shagon tsofaffin littattafai a tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Shiga kyauta, ga kujeru, ga ɗan jirgin wasa na yawo a saman kantocin. Abba ba zai so fita ba.

Batun abinci, ki yi dafa-dukarki ki zuba a kula. Da kin wuce Morpeth samun naman halal sai an sha wuya. Kifi da dankali akwai ko'ina, amma ki tambaya da wane mai suka soya, kuma ko sun kwaɓa fulawar da giya, don wasu na yi.

Ɗan Sakkwato a Durham

Anti, ni ɗalibi ne, ba ni da yara, amma kada a bar ganuwar Hadrian, wadda Rumawa suka gina, a baya. An fara gina ta a shekara ta 122, tsawonta mil 73, ta girmi badalar Kano da kusan shekara dubu. Jirgin ƙasa zuwa Hexham, daga nan akwai bas mai lamba AD122. Tsohon sansanin sojan Rumawa na Housesteads sai an hau tudu, ba na Hajiya ba ne. Sansanin Vindolanda ya fi: da rani za ku tarar ana tono a gabanku, ga takalman fata na Rumawa birjik har da na jarirai, ga wasiƙun da suka rubuta a kan siraran katako, ciki har da ta wata mata da ke gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwa.

Sannan in kuna son ganin tsuntsun puffin a tsibiran Farne, ku je Seahouses, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa can, a makon farko na hutun, don da Agusta ta kama sun watse cikin teku. Jirgin yana rawa sosai, ni sai da na yi amai.

Baffan Gateshead

Ɗana, ka ce amai sannan kana tura tsohuwa? Hajiya ta zauna a tashar jirgin da auta, uban ya shiga da manyan. Na manta ban ce ba: ko rana ta fito ƙwal a tafi da rigar sanyi da ta ruwa, iskar Tekun Arewa ba ta san Yuli ba. Ruwan alwala a jarka, don na tekun yana sa yatsu su ƙage.

Maman Ihsan

Allah ya saka da alheri, Baffa, Anti, ƙanina. Na karanta wa Hajiya duka. Holy Island ta ce a kai kasuwa, ita ba ta zo Ingila ruwa ya ci ta ba. Mun tsayar da Bamburgh Asabar ta farko, Cragside ta biyu, Alnwick kuma ranar Laraba da nake hutu. Ta ce lallai sai ta ga zurmar nan da idonta, kuma in gaskiya ne biya ake a kalle ta, a tambayar mata mai lambun ko yana sayen iri.