Arsenik a ruwan rijiya bayan girgizar ƙasa: me ya kamata a duba?

Injiniyan burtsatse: Bututun rijiya shi ne abin dubawa na farko. Girgiza kan tsaga shi ko ta fasa simintin da ke kewaye da shi, sai ruwan kusa da saman ƙasa mai arsenik, wato wani sinadari mai guba, ya gangara ya gauraya da na can ƙasa mai kyau. A wuri kamar yankin Terai na Nepal, inda rijiyoyi marasa zurfi da yawa dama suna da gubar, sakamakon gwajin da aka yi kafin girgiza bai zama hujja ba. A sake gwadawa, a kuma maimaita bayan damina.

Malama mai ɗakin gwaji: Gaskiya ne, Injiniya. Ido ba ya ganin arsenik a ruwa, ba wari, ba ɗanɗano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikurogiram 10 a lita, Nepal da Bangladesh kuwa 50 suke bi. Kafin a ɗebi samfur, a zuƙe ruwan da ya kwana a bututu, kamar ninki uku na abin da yake ɗauka. Wanda za a kai ɗakin gwaji a ɗiga masa asid ɗin naitirik, in ba haka ba ƙarfen da ke cikin ruwan zai kwanta ya janye arsenik ɗin, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Takardar gwajin hannu kuma, ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana rikita kalarta.

Mai aikin ma'adinai: Na kogi daban ne. Zaftarewar dutse na tono duwatsu masu arsenik, iska da ruwa su narkar da shi. A bi kogin zuwa sama, a duba ko madatsar dattin ma'adinai ta tsage ko wata maɓuɓɓugar ruwan zafi ta ɓullo.

Ma'aikaciyar lafiya: Don Allah a daina cewa a tafasa kawai. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma arsenik ƙara kauri yake yi saboda ruwa ya tafi a tururi. Alamun gubar, kamar kantar tafin hannu da tabon fata, sai bayan shekaru suke fitowa, kada a jira su.

Malama mai ɗakin gwaji: In za a cire arsenik daga ruwa, kulorin tukuna, Hajiya, sannan alif ko gishirin ƙarfe, a bari ya kwanta, a tace. Matatar ruwa ta Kanchan da ake amfani da ita a Nepal ƙusoshi take amfani da su a kan yashi, tsatsarsu ke kama gubar. Ruwa mai yawan sinadarin fosfet na rage mata ƙarfi, don haka a gwada ruwan da ya fito daga matatar ma.