Ganyayyakin da ake dafawa don a yi gumi: magani ne ko sauƙi kawai?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan surace ce da ganyayyakin da ake dafawa domin mai zazzaɓi ya yi gumi. Kwana uku ke nan ƙanena mai shekara 19 yana fama da masassara, sai mahaifiyarmu ta sa aka yanko ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwanda, aka yanka lemun tsami a ciki, aka tafasa, sannan aka lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar. Ya yi gumi sharkaf, ya ce jikinsa ya saki, har ya ci tuwo da dare. Amma jiya da la'asar sanyin ya dawo masa, yana karkarwa har haƙoransa na haɗuwa. Hajiya ta ce ciwon ne bai gama fita ba, a sake dafawa. Ina roƙon masana su faɗa mini waɗanne itatuwa ne da gaske suke sa gumi, kuma ko gumin shi ne ke fitar da ciwon.

Gwaggo ta Ƙofar Doka ta amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba shi lafiya. Abin da mahaifiyarku ta haɗa shi ne haɗin da kowa ya sani, sai dai wasu kan ƙara ganyen gwaba, ko raiɗore, ko ɗaɗɗoya, ko ganyen itacen turare, wanda ƙamshinsa ke buɗe hanci tun kafin a gama buɗe murfi. Waɗannan na surace ne da wanka. Na sha kuwa daban suke: citta, wadda mafi yawanta daga wajen Kachiya ake kawo mana ita, da kanumfari da masoro da kimba da ciyawar shayi, a dafa su tare a sha da zafinsu, da ɗan zuma idan akwai. Mai mura idan ya sha kofi ɗaya na wannan ya ja mayafi, ba ya daɗewa goshinsa zai fara tsattsafo da zufa.

Surace kuma yana da ƙa'ida, wadda na ga yaran yanzu ba su kiyayewa. Ana sauke tukunyar ne daga murhu a girke ta a ƙasa inda ba za ta yi tangal-tangal ba, mutum ya zauna a kan 'yar kujera, a rufa masa bargo, sannan ya riƙa zame murfin kaɗan-kaɗan, domin tururin farko yana iya sale fuska. Idan tururin ya rage sai ya motsa ganyen da muciya. Da ya ji numfashinsa na neman sarƙewa ko jiri na ɗibarsa, sai ya fito, ba a yin jarumta a ƙarƙashin bargo. Bayan nan ya goge jiki, ya sauya riga, ya sha ruwa ko kunu. Ni dai a gidanmu ba a taɓa sa jariri ko mai ciki a surace ba. Game da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa kuwa, wannan na bar wa ma'aikatan lafiya.

Mai Haɗa Magunguna, Samaru, ya amsa:

Gwaggo ta yi bayanin da babu abin cirewa a cikinsa, ni zan ɗora ne a kan inda ta tsaya. Hanya biyu ce waɗannan abubuwa ke bi su sa gumi. Ta farko zafi ne kawai: tururi ko ruwan zafi yana ɗumama jiki, jiki kuma ya fitar da zufa domin ya huce, kuma da ruwan zalla aka yi suracen ma za a yi gumin. Ta biyu ita ce ta kayan yaji. A cikin barkono da citta da masoro akwai sinadaran da ke taɓa jijiyoyin da aikinsu shi ne jin zafi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi, ta ba da umarnin a saki gumi. Shi ya sa mutum ke share goshi a gaban tukubar mai tsire ko da a tsakiyar hunturu ne.

To amma, ɗan'uwa, abin da ka kwatanta game da ƙanenka yana kama da zazzaɓin cizon sauro, kuma shi wannan ciwo haka ɗabi'arsa take ko an yi surace ko ba a yi ba. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa, idan suka fashe sai mutum ya kama rawar sanyi, sannan jiki ya ɗauki zafi, daga bisani zafin ya sauka da gumi mai yawa, mutum ya ji kamar ya warke. Kwana ɗaya ko biyu sai wani rukunin ya sake fashewa. Saboda haka gumin alama ce ta cewa zafin ya sauka a wannan karon, ƙwayar cutar kuwa tana nan cikin jini, kuma ba ta biyo zufa ta fito. Sau da yawa ana dafa ganyen ne a daidai lokacin da zazzaɓin ya kai ƙololuwa, sai saukarsa ta zo bayan suracen, ganyen ya samu yabon.

Ba raina itatuwa nake yi ba, domin maganin da muke bayarwa yau ma daga tsiro ya fito. A farkon shekarun 1970 wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka ciro sinadarin atimisinin daga wani tsiro dangin tazargade, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a riƙa dafa ganyen ana sha a madadin ƙwayar maganin ba, saboda ƙarfin sinadarin a ganye ba shi da tabbataccen ma'auni, kuma ƙaramin awo yana koya wa cutar jure wa magani. Ku kai ƙanen naka a ɗiga jininsa a kan abin gwaji yau ɗin nan, cikin minti 20 za a san matsayinsa.

Baba Mai Lambu, Hanyar Shika, ya amsa:

Malam na Samaru ya yi gaskiya, amma ina so in tuna wa matasa wani abu. Darbejiyar da muke ɗauka ta kaka da kakanni baƙuwa ce, asalinta daga yankin Indiya take, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno kafin ta bazu ta cika garuruwanmu. Mangwaro da gwanda da itacen turare su ma duk kawo su aka yi. Kafin su, abin da mutanen karkara suka dogara da shi su ne irin su sabara da marke da tsauri. Ke nan tukunyar surace ba ta taɓa ƙin karɓar baƙo ba, don haka ban ga dalilin da zai sa a ce an saɓa wa gargajiya idan aka haɗa da gwajin jini ba. Ni kaina idan mura ta kama ni ba na wuce citta da kanumfari.

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

Ni jan kunne zan yi a kan mutum uku, saboda abin da idona ya gani a shekarun aikina. Na farko ƙaramin yaro. Na taɓa karɓar wani ɗan shekara 3 da ya yi ta mutsu-mutsu a ƙarƙashin bargo har ya ture tukunyar, ruwan ya kwarara masa daga cinya zuwa ƙafa, aka zo da zazzaɓi aka ƙara da ƙuna. Yaro mai zafin jiki rage masa tufafi ake yi, a goge shi da tsumma mai ruwan ɗumi, domin ƙara masa zafi yana iya jawo jijjiga. Kuma kada a ɗura masa ruwan darbejiya, balle man darbejiyar, wanda an san yana yi wa ƙananan yara illa.

Ta biyu mai jego ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazari a nan Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, tare da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take haki idan ta kwanta, asibiti take buƙata da gaggawa. Na uku shi ne mai amai ko gudawa, wanda ruwan jikinsa ya riga ya ragu; a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Mun kai shi da safe, gwajin ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, an ba shi ƙwayoyin da zai sha sau biyu a rana har kwana uku, kuma an ce ya riƙa sha bayan ya ci abinci mai ɗan maiƙo. Hajiya ta amince, da sharaɗin ba za a hana ta dafa masa citta da kanumfari ba, na ce mata ai ni ma zan karɓi kofi ɗaya. Baba Mai Lambu, tsaurin da ka ambata, shi ne ciyawar shayin da muke shukawa a bakin rijiya, ko wani tsiro ne daban na daji?