Burawuza ta sabunta kanta, shafuka sun daina buɗewa: abin da kowa ya gani a kwamfutarsa

Mai shagon buga takardu, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe wannan zance ne domin mu haɗa abin da kowa ya gani da idonsa, tunda matsalar ta yawaita a shagunan da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da duba sakamako a nan Katsina. A wajena, wasu daga cikin kwamfutocin da yarana ke aiki da su sun fara ƙin buɗe shafuka bayan burawuza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta sabunta kanta. Maimakon shafin, sai gargaɗi ya fito cewa haɗin ba amintacce ba ne, wanda ya buɗe kuma sai an gaji da jira. Maƙwabcina ya ce bairos ne, a yi fomat kawai a huta, amma kafin in share takardun mutane ina so in ji daga waɗanda suka taɓa gamuwa da irin wannan.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙwaya

Wa'alaikumus salam. Alhaji, don Allah ka dakata da fomat, ka fara karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin gargaɗin, domin shi ne ke nuna inda ciwon yake. Idan ka ga ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID a Chrome, ko SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER a Firefox, kuma hakan na faruwa a kusan kowane shafi, to a yawancin kwamfutocin da ake kawo mini mai laifin ita ce manhajar riga-kafin da aka sa domin tsaro.

Yadda abin yake shi ne, duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana miƙa wa burawuza takardar shaida, sannan a kulle saƙonnin da ke tsakaninsu. Wasu manhajojin riga-kafi suna so su leƙa cikin saƙon, saboda haka sai su tsaya a tsakani, su buɗe, su duba, su sake kullewa da tasu takardar, kamar ɗan aiken da ya farke ambulan ya karanta wasiƙa sannan ya buga nasa hatimi. Muddin burawuza ta yarda da wannan hatimi babu damuwa. Amma a 2021 Chrome ya koma fitar da sabon zubi duk bayan mako huɗu, ita kuwa riga-kafin da lasisinta ya ƙare tun bara tana nan inda aka bar ta, shi ya sa wata rana sukan saɓa. Na tabbatar da haka a wata kwamfuta da aka kawo mini daga wani ofis: na danna alamar da ke gefen adireshi, na buɗe bayanin takardar shaidar, sai ga sunan kamfanin riga-kafin a gurbin wanda ya bayar da ita. Da na kashe sashen binciken shafukan https shi kaɗai, nan take komai ya buɗe. Wannan gwaji ne kawai. Gyaran shi ne a sabunta manhajar, ko a cire ta gaba ɗaya da abin cirewa na kamfaninta, domin cirewar gaggawa takan bar saura.

Malamin sakandare, Daura

Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai ni abin da na gani daban ne, kuma ya fi sauƙi. A ɗakin kwamfutar makarantarmu gargaɗin yana ɗauke da ERR_CERT_DATE_INVALID, da muka duba ƙasan allo sai muka tarar agogon ya koma shekarun baya. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, idan agogon kwamfuta ya ɓace sai burawuza ta ɗauka takardar ba ta aiki. Dalilin kuwa ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta, kuma kwamfutocin da ke kwanaki babu lantarki suna saurin cinye shi. Mun canza shi, mun daidaita agogo, magana ta ƙare.

Sakatariya a wani ofis, cikin garin Katsina

Ni tawa matsalar nauyi ce, ba gargaɗi ba. Saboda tsoron bairos ɗin nan da ke mayar da takardun filas su zama gajerun hanyoyi marasa komai, duk wanda ya taɓa kwamfutar ofis sai ya ƙara mata riga-kafi, har suka zama uku suna aiki lokaci guda. Kowace takarda da burawuza ta sauke ko ta ajiye sai dukansu sun bincike ta, fanka tana ta huci, ni kuma ina zaune da wasiƙar oga a hannu. Ƙanena ne ya cire su duka, ya nuna mini cewa Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu Microsoft Defender, wanda ke janyewa idan an sa wata riga-kafin, ya kuma dawo aiki da kansa idan an cire ta. Ya kuma buɗe takardun da bairos ɗin ya ɓoye a filas, ashe ba share su ya yi ba.

Ɗalibi, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa

Hajiya, in ƙara a kan naki, duk mai kukan nauyi ya danna Shift da Esc a cikin Chrome, zai ga abin da kowane shafi da kowace ƙarin manhaja ke ci. A tawa mai ram 4GB, wata manhajar sauke bidiyo ce ta fi kowa ci. Bayan na cire ta na kunna Memory Saver, wanda ke kwantar da shafukan da ba a amfani da su. A kuma riƙa hure ƙurar hunturu daga fanka, domin kwamfutar da ta ɗauki zafi tana rage gudu da kanta.

Tsohon ma'aikaci, Ƙofar Soro

'Ya'yana, ni tawa Windows 7 ce, ta daina sabunta kanta, kuma hankalina kwance, datana ma ta huta. Abin da kawai na lura shi ne wasu shafuka sun fara cewa burawuzata ta tsufa.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙwaya

Baba, a gafarce ni, wannan kwanciyar hankalin ba mai ɗorewa ba ce. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kanta, a Firefox kuma 115 ne na ƙarshe. Ƙofofin kutse da dama da aka gano a Chrome bayan nan suna buɗe a kwamfutarku, kuma babu riga-kafin da za ta toshe su, saboda haka ina roƙon kada ku shiga asusun banki da ita. Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da ram 4GB aƙalla, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke hannun jama'a ba su cika ba. Ku aiko jikanku da ita in duba abin da za ta iya ɗauka, wataƙila ƙarin ram da faifan SSD su isar muku na ɗan lokaci.

Alhaji kuma, ka turo mana hoton gargaɗin tare da agogon da ke ƙasan allo, ka kuma rubuto sunan riga-kafin da ke kan kowace kwamfuta da ranar da aka sabunta ta ƙarshe.